Tarihin Gadar Jirgin Ƙasa ta Bennerley

Gadar Bennerley tana ƙasar Ingila, ta ratsa kwarin Kogin Erewash tsakanin garuruwan Ilkeston da Awsworth. Kamfanin jiragen ƙasa na Great Northern ya kammala gina ta a 1877, musamman domin dakon kwal. Tsawonta ya haura mita 400.

Galibin gadojin wancan zamani da bulo aka gina su. Ita kuwa wannan da ƙarfe aka saƙa ta, domin haƙar kwal ta riga ta rarake ƙarƙashin kwarin, ƙasar ba za ta ɗauki nauyin bulo ba.

An rufe layin dogon a 1968. Da aka tashi rushe gadar, sai aka tarar irin ƙarfenta ba ya yankuwa da wutar walda, sai dai a kwance ta ƙusa bayan ƙusa. Kuɗin da 'yan kwangila suka nema ya fi ƙarfin hukumar jiragen ƙasa, aka ƙyale ta tana tsatsa fiye da shekara hamsin. Sai a 2022, bayan gyara, aka buɗe ta ga matafiya a ƙafa da masu keke.