Kafin ka ƙure wa kwamfutarka gudu, duba wutar da take sha

Akasarin kwamfutocin tebur da ake kawo mini gyara a nan unguwar Briqueterie ta Yawunde sun gama aiki ne a wani ofis a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala. Dell OptiPlex ne, ko HP ProDesk, ko Lenovo ThinkCentre, irin waɗanda ake samu a shagunan gwanjo da kuma Avenue Kennedy. Da su ake buga takardu a shagunan sakatariya, a cikinsu teloli masu injin surfani ke ajiye zanensu, a kansu samari ke haɗa bidiyon biki ko su buga wasan ƙwallo. Suna da ƙwari, ba na kushe su. Sai dai an ƙera su ne don ɗaki mai sanyi da tsayayyar wuta, mu kuwa ba kullum muke da waɗannan ba.

Samarin nan ne suka fi zuwa da maganar: “Yaya, a ƙara mata gudu kamar yadda ake yi a YouTube.” Abin da suke nufi shi ne a shiga BIOS a tilasta wa furosesa gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata. Amsata ba ta yi musu daɗi: a kan waɗannan injinan ofis, ƙofar a kulle take. A wajen Intel sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, tare da babban allo na jerin Z. AMD ta bar Ryzen a buɗe tun 2017, amma ita ma sai allon ya yarda. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce ya ƙure wa OptiPlex gudu, tambaye shi ya nuna maka inda ya taɓa.

An yi zamanin da abin ke da riba. Core i5-2500K ta 2011 tana zuwa da gigahaz 3.3, mutane na kai ta 4.5 da fanka mai kyau kawai. Furosesa ta yau kuwa da kanta take ƙara gudu idan ta ga ba ta yi zafi ba, abin da ya rage maka kaɗan ne, kuma da tsada. Ƙarin gudu yakan nemi ƙarin ƙarfin wuta, shi kuma zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar, gaba yake yi: ka ƙara kashi 10 cikin 100, zafi ya ƙaru da kusan kashi 21, tun ba a lissafa na gudun ba. Intel da kanta ta amsa a 2024 cewa wutar da ta yi yawa tana lalata wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14, har ta ƙara wa masu su shekara 2 na garanti. Masu garanti ke nan. Kai da ka sayi taka a gwanjo, wa za ka kai wa ƙara?

Abin da ya fi kashe kwamfuta a unguwar nan wuta ce. Ba ɗaukewar kaɗai ba, dawowar ma, da kuma raguwar da take yi da yamma idan kowa ya kunna nasa. Mutane na rikita na'urori biyu. Regilata tana daidaita wutar ne kusa da bolt 220, amma idan aka ɗauke, kwamfuta ta mutu nan take. Ondila tana da batir, tana ba ka 'yan mintoci ka adana aikinka ka kashe a tsanake. Ba don ka ƙarasa wasa aka yi ta ba. Idan jikin akwatin yana ɗan jan hannunka, gidan ba shi da wayar ƙasa, aikin mai gyaran wuta ne, ba nawa ba. Da damina, idan hadari ya taso, zare filogi gaba ɗaya har da wayar intanet. Sannan tsofaffin injinan Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Ka jona yana kan 115, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi.

Sai ƙura. Jar ƙurar Yawunde daga Disamba zuwa Fabrairu ta isa, ga zaren shadda a shagon tela, ga hayaƙin tsire mai maiƙo da ke like su wuri ɗaya har su zama kamar bargo a kan ƙarfen da ke sanyaya furosesa. Idan zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu don ta tsira, mai ita ya ce ta tsufa. HWMonitor kyauta ne, zai nuna maka zafin. Zare wuta, fita da akwatin waje, riƙe fanka da yatsa kada ta juya, ka hure. A goge busasshen man da ke kan furosesa a sa sabo, ɗigo ɗaya. A ɗaga akwatin daga ƙasa. Akwatin wuta dai kada ka buɗe shi, yana riƙe caji ko bayan an zare.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne “a yi mata fomat”, wanda ya zama maganin kowace cuta. Fanka na juyawa amma allo baƙi? Sau da yawa ram ce ta motsa. Cire ta, share bakinta, mayar, ka gwada ɗaya bayan ɗaya. Kwanan wata na komawa baya? Ɗan batirin CR2032 ne ya ƙare. Faifai na ƙas-ƙas? Kwashe hotunan bikin mutane yau, kada ka jira gobe. Babu ɗaya a cikin waɗannan da fomat ke gyarawa, sai dai wata Hajiya ta rasa lissafin shagonta a banza.

Mai neman sauri na gaske, ya fara da SSD. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabayit 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na SATA ya kai 500, kuma a buɗe Windows ma za ka ga bambancin. Bayansa ram, a kai ta giga 8, mai haɗa bidiyo 16. DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, tsagar ba wuri ɗaya take ba, kada a danna da ƙarfi. Idan SSD ɗin na hannu ne, sa mai sayarwa ya buɗe CrystalDiskInfo a gabanka ka ga awannin da ya yi yana aiki. Katin hoto kuwa, siraran akwatunan ofis wutarsu ba ta cika wuce wat 250 ba, filoginsu ma na kamfanin ne, ba kowane akwatin wuta ke maye gurbinsa ba. Nemi gajeren kati wanda wat 75 na ramin allo ke isarsa, irin GT 1030 ko GTX 1050 Ti.

Ga mai shirin saye yanzu: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana son Intel zubi na 8 zuwa sama da TPM 2.0. Takardar “Core i5” da aka manna a gaban akwati ba ta gaya maka komai ba. Karanta lambar da ke biye: i5-4570 zubi na 4 ce, i5-8500 na 8. Sa a kunna ta a shagon, ka karanta lambar a cikin BIOS da idonka kafin ka ƙirga sefa.