Idan fiyano ya ƙi jiran mawaƙi

A wajen biki a Gummi ko Bukkuyum, abin da ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Matashi ya kunna janareta, ya danna fiyanon Yamaha, kiɗa ya kama bugawa da kansa. Sai uwar amarya ta shigo fili da kuɗin liƙi, mawaƙi ya so ya ja numfashi ya yi mata kirari, amma inji ya riga ya wuce. Shi ke nan, mawaƙi ya koma bin na'ura a guje.

Laifin ba na yaron ba ne. Kiɗan da aka cusa a fiyano ma'auninsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ba ya jin kowa. Kiɗan ƙasar Zamfara kuwa kan sauraro aka gina shi. Makaɗan kotso na Musa Ɗanƙwairo, ɗan ƙasar Bakura da ya rasu a 1991, bakin ubangidansu suke bi: ya sassauta su sassauta, ya zabura su zabura. Mai kalangu ma matse tsarkiya yake yi a hammata, ganga ta hau ta sauka yadda harshen Hausa ke yi.

An daɗe ana neman injin da zai iya haka. A 1987 George Lewis, wani mabushi Ba'amurke, ya fito da manhajar Voyager, wadda ke sauraron busarsa ta mayar masa da amsa, wani lokaci ma ta ɓullo da nata salon ba tare da an umarce ta ba.  A 2021 kuma manhajar Ableton Live 11 ta zo da wata dabara da ke sauraron makaɗi ta daidaita gudunta da nasa.

Mai kwamfuta da wannan manhaja yana iya gwadawa, amma da sharaɗi: makirfo ɗaya, a bakin ganga kaɗai. Idan guɗa da tafi da ƙarar janareta suka shiga, na'urar ruɗewa take yi, ta ɗauki hayaniya a matsayin kiɗa, kuma a tsakiyar rawa za a gane.

Masu kiɗan biki da suka dogara da fiyano kuwa, maganinsu ya fi sauƙi. Fiyanon Yamaha PSR da dama suna da maɓallin da ake ƙwanƙwasawa da yatsa a saita gudun kiɗa. Mai bugu ya riƙa kallon bakin mawaƙi yana gyarawa. Ya rage tarkacen da ke cikin kiɗan injin, ya bar ganga ɗaya da amon ƙasa, sauran filin na mai kalangu ne na gaske. Idan lokacin kirari ya zo, a kashe kiɗan injin ɗungurungum, kalangu ya riƙe fili, a dawo da shi a kan amshi. Wannan tsayawa da tashi ita ce ke buƙatar gwaji a gida, don a nan ake jin kunya a gaban jama'a.



Masu ɗaukar makaɗa su ma da nasu: idan ana cinikin biki, a sa kuɗin mai kalangu cikin lissafi tun farko.