Yadda Jama'ar Ekklesiya Ke Riƙon Masu Yi Mata Aiki

'Yan'uwana ɗalibai, ko wane ɗayanmu in ya ƙare karatu za a aika da shi wani ƙauye inda ba shi da dangi. Sabo da haka ya kamata mu san yadda jama'a ke riƙon mutumin da ya bar gonarsa don ya yi musu aiki. Darasinmu na yau a kan Kirista ne, watau yadda suke ɗaukar nauyin fastoci da masu bishara da marasa ƙarfi na cikinsu.

Asalin abin yana cikin littafinsu. A Ayyukan Manzanni, sura 6, an ba da labarin mutum bakwai da aka zaɓa su lura da rabon abinci, don an yi gunaguni ana mantawa da waɗansu matan da mazansu suka mutu. Bulus kuwa ya koyar da cewa wajibi ne a ciyar da mai wa'azi, amma shi kansa ɗinkin tanti ya yi don kada ya nauyaya wa kowa.

A ƙasarmu, mishan ɗin da ake kira S.I.M. ya soma a 1893 da mutum uku, biyu suka mutu a 1894. Shekaru da yawa kuɗin aikin daga Kanada da Amurka da Ingila yake fitowa. Amma kowa ya san da tsintsiyar aro ba a share gida kullum. A 1948 sai 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar aika masu bishara da kuɗinsu, wadda daga baya aka sani da E.M.S. A 1954 kuma aka kafa ekklesiyar E.C.W.A.

To, ta ina taimakon ke fitowa? Da fari akwai baikon ranar Lahadi. Na biyu ushiri, watau ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. Na uku baikon godiya da kaka, inda manomi kan kawo damin dawa ko gero. Na huɗu gayya, a taru a nome gonar fasto. Sa'an nan ga Zumuntar Mata, su ke ziyarar marasa lafiya da masu jego da gidan makoki.

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, Kirista kaɗan ne, ba kamar maƙwabtanmu na Zuru ba. Inda jama'a ba ta da yawa, baiko ba ya da yawa. Wahala takan tsananta a watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Haka kuma a shekarun da suka biyo bayan 2011, da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa na Zamfara noma, wanda ya dogara ga dami ya ga ta kansa. In ma'aikaci ya rasa abinci sai ya tashi, in ya tashi kuwa karatun yara ya tsaya. Maganin wannan shi ne ekklesiyar birni ta tallafi ta ƙauye.

Mu da muka yi makarantar allo abin ba baƙo ba ne gare mu, gama mun kai wa malam kuɗin Laraba, mun yi masa noma.

Ga abu uku da za mu riƙe. Taimako kaɗan mai zuwa a kan kari ya fi mai yawa wanda ba a san ranar zuwansa ba. Abin da aka tara a ƙidaya shi gaban mutum biyu ko uku, a rubuta, don zato ke raba zumunci. A ba mabukaci a asirce, kada a ci mutuncinsa.

Wanda ya riƙe waɗannan, ko ina aka kai shi zai zauna lafiya da mutane.