DARE A BAƘUWAR ƘASA: GARGAƊI GA ƊALIBI MAI SHIRIN TAFIYA

Ya kai saurayi mai karatu, wanda Allah ya buɗe maka ƙofar neman ilimi a wata ƙasa, wannan darasi dominka ne. Ko daga Nasarawar Burkullu ka fito, ko Bukkuyum, ko Anka, ko Gummi, ranar da za ka tashi 'yan'uwa za su raka ka har tasha, tsofaffi su sa maka albarka, kowa ya ce Allah ya ba da abin da aka je nema. Za su gargaɗe ka a kan sanyi, da baƙon abinci, da ɓarayin hanya. Amma akwai abu guda wanda da wuya su ambata, gama kunya ba za ta bar su ba, watau daren da abokan karatunka za su buga maka ƙofa su ce, "Tashi mu shiga gari." Ba a fafe gora ranar tafiya. Amsar da za ka ba su, tun kana gida ya kamata ka shirya ta.

1. SHINGEN DA KA BARO A GIDA

Ka yi tunani a kan abin da ya tsare ka har wa yau. A garinku kowa ya san ɗan wane ne kai. Idan ka tsaya inda bai kamata ba, kafin ka kai gida labari ya riga ka zuwa zauren mahaifinka. Ban da wannan kuma akwai doka, gama tun watan Janairu na 2000, sa'anda aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Jihar Zamfara a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka hana cinikin giya a fili. Watakila ka girma ba ka taɓa ganin ƙofar mashaya a buɗe ba.

Waɗannan duka shinge ne, shinge kuwa abu ne mai kyau. Amma akuyar da ba ta ci dawa ba domin gonar tana da shinge, ba a san halinta ba tukuna. Ranar da jirgi ya sauke ka a baƙuwar ƙasa, idon maƙwabta da tsoron hukuma sun ƙare. Abin da zai rage maka sai abin da ke cikin zuciyarka. A can ne za a gane ko natsuwarka ta kunyar idon mutane ce, ko kuwa ta tsoron Allah, wanda duhu ba ya ɓoye masa kome.

2. ABIN DA ZA KA TARAR

A zamanin Gwamna Bello Matawalle, wanda ya yi mulki daga 2019 zuwa 2023, gwamnatin Zamfara ta aika da ɗalibai karatu waɗansu ƙasashe, a cikinsu har da Sudan, da Indiya, da arewacin tsibirin Kubrus, wanda a ke kira Saifurus. Bari mu ɗauki Kubrus ta zama mana misali. An raba tsibirin biyu a 1974, ƙasar Turkiyya kaɗai ce kuwa ta yarda da gwamnatin da ke mulkin arewacinsa. Akwai manyan makarantu a Nikosiya, da Famagusta, da Girne, 'yan Nijeriya da yawa sun yi karatu a cikinsu. Amma sa'anda Turkiyya ta rufe gidajen caca na ƙasarta a 1998, cinikin ya ƙaura zuwa wannan yanki, ya haɗu da mashaya da gidajen rawa. Domin wannan ɗalibi ya kan fito daga aji ya tarar da jaraba a bakin hanya, da fitilu masu kyau, da kiɗa, da ƙofa a buɗe.

Kada ka yi tsammani wanda zai kira ka mugu ne mai baƙar fuska. Sau da yawa abokin kirki ne, wanda ya nuna maka kasuwa, ya ara maka bargo. A ƙasarsa fita shan giya daren Jumma'a ko Asabar ba abin kunya ba ne, a ganinsa kuwa girmama ka ya yi. Kai kuma kewar gida ta dame ka, ɗaki ya yi shiru, ba hira a dandali, ba mai kiran sunanka daidai. Mafi yawan waɗanda suka shiga mashaya da fari, kaɗaici ne ya kai su, tun ba su san ɗanɗanon abin da a ke sha ba. Ka san wannan, domin ka san kafar da ɓarawo zai shigo.

3. AIKIN BARASA A CIKIN JIKI

Tun da ya ke ilimi ka tafi nema, ka koyi wannan kuma. Barasa ba ta jiran narkewa kamar tuwo. Daga tumbi da ƙaramin hanji ta kan wuce cikin jini, cikin 'yan mintoci ta kai ƙwaƙwalwa, balle idan ciki ba abinci. Abin da ta kan fara kwantarwa shi ne sashen da ke yi wa mutum linzami, wanda ke ce masa "ya isa". Shi ya sa mai cewa kofi ɗaya kaɗai zai sha ya kan ruɗi kansa, gama mutumin da ya yi alkawarin, kofin farko ya riga ya raunana shi.

Hanta ce ke fitar da barasa daga jini, tana kuwa aikinta a hankali, misalin abin da ke cikin ƙaramin kofi ɗaya a sa'a guda. Gahawa, da wanka da ruwan sanyi, da yawo a iska, ba su ƙara mata sauri. Wanda ya sha har tsakar dare, da safe sauranta tana jikinsa sa'anda ya zauna a aji. A ƙasashen sanyi akwai wani haɗari kuma: barasa ta kan buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita ya ke yi, har wani ya kwanta a bakin hanya sanyi ya kashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi a 2024 cewa a shekarar 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, miliyan 2 daga cikinsu maza ne.

4. GUBAR DA BA A GANI

Kai mutumin ƙasar Anka da Bukkuyum ba ka bukatar a koya maka cewa guba ta kan ɓuya cikin abin sha'awa. A 2010 aka gane gubar dalma a ƙauyuka irin su 'Yargalma, da Dareta, da Bagega, inda a ke niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka mutu. Iyayensu ba su ga kome a ƙurar ba sai arziki.

Haka ya ke da giyar jabu. Masu son riba su kan gauraya ta da wani ruwa mai suna metanol, wanda ido da hanci ba su rarrabe shi da barasa. Sa'anda ya shiga jiki, hanta ta kan juya shi ya zama dafi mai ƙone jijiyar gani. Cokali ɗaya yana iya makantar da mutum, kaɗan bisa wannan kuwa ya kashe shi, alamunsa kuma su kan jinkirta har wajen sa'a 12 zuwa 24. A watan Nuwamba na 2024 matafiya shida baƙi suka mutu ta haka a garin Vang Vieng na ƙasar Lawos. A watan Janairu na 2025 fiye da mutum 30 suka mutu a Istanbul, birnin da kakanninmu su ke kira Santambul. Ɗalibi mai ƙaramin guzuri shi ne ya kan nemi mai araha, mai araha kuwa ita ce a kan gurɓata.

Ke kuma 'yar'uwa mai tafiya karatu, wannan magana ta shafe ki ninki biyu. A gidajen rawa akwai masu zuba maganin barci a kofin mace, ko da lemo ta ke sha, domin su ci mutuncinta. Idan haka ta faru da wata, laifin yana kan wanda ya zuba, ita kuwa taimako ta ke bukata, da likita, da mai rufa mata asiri.

5. KUƊIN WANE NE KA KE KASHEWA?

Kuɗin da ke aljihunka yana da tarihi. Ko dai buhunan gero da dawa ne aka kai kasuwa, ko sa aka sayar, ko kuwa dukiyar jama'a ce wadda gwamnati ta ba ka a madadin yara da yawa da ba su sami zuwa ba. Amana ce. Ka tuna kuma ba kullum ta kan iso a kan kari ba. A watan Yuni na 2023 aka saki darajar naira. Dala ɗaya wadda ta ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024, iyaye da yawa suka kasa aikawa da abin da suka saba. A 2024 kuma jaridu suka ba da labarin wahalar da ɗaliban Zamfara suka sha a Kubrus saboda ba a biya kuɗin makarantarsu ba, ba kuwa da laifinsu ba. Waɗanda ke Sudan yaƙi ya tashe su a watan Afrilu na 2023. Tun da ya ke irin wannan rana tana iya zuwa ba sallama, abin da aka zubar a dare ɗaya watakila shi ne abincin mako guda a ranar tsanani.

6. DOKAR ƘASAR MUTANE

Baƙo ba ya da dangi a ofishin 'yan sanda. Faɗan da a gida dattawa za su kashe a zaure, a can ya kan kai mutum gaban alƙali. A Ingila, bisa dokar 2007, baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, ƙa'ida ita ce a kore shi daga ƙasar. A Amurka wanda bai kai shekara 21 ba ba shi da iznin sayen giya. Mafi muni kuma, a irin waɗannan wurare ne masu fataucin ƙwaya su ke farautar yaran da kuɗi ya yanke musu, su ce, "Riƙe mini wannan ƙunshi." A 2007 ƙasar Singafo ta rataye wani saurayi ɗan Nijeriya mai shekara 21 saboda ƙwayar da aka samu a kayansa. Kada ka ɗauki kayan da ba ka san cikinsa ba, ko na wane ne.

7. ABIN DA ZA KA YI

Na ɗaya, ka faɗi matsayinka tun makon fari, da fara'a, ba da fahariya ba: "Na gode, ni ba na sha." Wanda ya faɗa sau ɗaya a sarari, a kan ƙyale shi, mai inda-inda shi a kan yi ta ja.

Na biyu, ka yi wa kaɗaici magani tun bai yi ƙarfi ba. Ka nemi masu ibada irin taka, da ƙungiyar ɗaliban ƙasarku, da filin ƙwallo. Ka koyi tuƙa tuwo, ka kira abokanka na kowace ƙasa su ci. Wanda ɗakinsa ke da hira ba ya bukatar ya saye ta a mashaya.

Na uku, kada ka raina masu sha, kada kuma ka yashe su cikin haɗari. Idan ka tarar da abokinka ya bugu har ba ya farkawa, ka kwantar da shi a gefensa ɗaya domin kada amai ya shaƙe shi, ka rufe shi, ka zauna tare da shi. Idan numfashinsa ya yi nauyi, ko ya ce ganinsa ya dushe, ka kira motar asibiti nan da nan. Lambar ita ce 112 a ƙasashen Turai da Turkiyya, 999 a Ingila. Kada tsoron tonon asiri ya hana ka, gama kunya tana wucewa, rai kuwa ba ya dawowa.

8. IDAN KA RIGA KA FAƊI

Watakila wannan takarda ta same ka bayan ka riga ka shiga. Shaiɗan yana da ƙarya biyu: kafin zunubi ya kan ce abin ƙarami ne, bayansa kuma ya ce ya fi ƙarfin gafara. Kada ka gaskata ko ɗaya. A cikin Linjila ta Luka, sura 15, akwai misalin wani ɗa da ya lalatar da gadonsa a baƙuwar ƙasa, da ya komo kuwa mahaifinsa ya karɓe shi da murna. Ka tuba ga Allah, ka faɗa wa wani babba mai riƙon asiri, ka sake hanyar da ka ke bi da yamma. Idan jikinka ya riga ya saba har ba ka iya bari, ka je wurin likita, gama mai sha da yawa kullum idan ya yanke farat ɗaya yana iya shiga haɗari.

Mutanen ƙasarku suna bukatar likita, da malami, da masanin ma'adinai wanda zai hana irin abin da ya faru a 2010. Domin wannan aka aike ka. Allah ya tsare fitarka, ya komo da kai da ilimi da mutunci.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Waɗanne abubuwa ne suka tsare ka a gida, waɗanne ne kuma za su bi ka har baƙuwar ƙasa?
2. Don me alkawarin "kofi ɗaya kaɗai" ya ke da wuyar cikawa?
3. Wane ne ya sha wahala domin kuɗin da ke hannunka?
4. Me za ka yi idan ka tarar da abokinka ya bugu ba ya farkawa?
5. Da waɗanne kalmomi za ka amsa wa mai kiranka? Ka rubuta su tun yau.