Aikin Fiɗa Don Rage Ƙiba: Abin da Na Koya a Jinyar Baffana

Ina so in yi amfani da wannan fili in ba ku labarin wani abu da na gani a gidanmu da ke Bugaje, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya. Abin kuwa shi ne aikin fiɗa da likitoci ke yi don rage ƙiba, da shirin da ake yi kafinsa, da jinyar da ke biyo baya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A dogon hutun shekarar 2024 ni aka ɗora wa karanta takardun asibiti na Baffana ina fassara wa mutanen gida, domin da Turanci aka rubuto su. Ta haka na koyi abin da zan faɗa muku, har da wani kuskure da na yi wanda har yau ban manta da shi ba.

Yadda muke kallon ƙiba

A ƙasarmu, in mutum ya yi teɓa sai a ce ya samu hutu, arziki ya zauna masa. In kuwa ya rame sai a dame shi da tambaya ko lafiya. Har akwai 'yan mata masu sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki, alhali suna jawo wa kansu cuta ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce ƙima, kuma irin wannan ƙiba tana jawo ciwon suga, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon gaɓoɓi.

Baffana yayan mahaifina ne, dillalin hatsi da wake, wanda ya yi shekaru yana harka tsakanin kasuwar Jibiya da Magama da Maraɗi. Sana'arsa ta zama ce a rumfa. Da safe shayi mai zaƙi da burodi, da rana shinkafa da lemon kwalba, da la'asar balangu, da dare kuma tuwo malmala uku. Sannu a hankali gwiwoyinsa suka kasa ɗaukarsa, har ya koma yin salla a kan kujera. Da dare yana minshari, numfashinsa ya tsaya cak, sa'an nan ya farka a firgice. Da rana kuwa barci kan kwashe shi yana tsakiyar ƙirga kuɗi. Daga baya likita a Katsina ya tabbatar masa yana da ciwon suga da hawan jini.

Yadda ake auna ƙiba

Likitoci ba da ido suke yanke hukunci ba, lissafi suke yi, kuma kowane ɗalibi zai iya yinsa. Ka auna nauyinka da kilo, ka auna tsawonka da mita. Ka ninka tsawon da kansa, sa'an nan ka raba nauyin da abin da ka samu. Ga babban mutum, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne. Daga 25 nauyi ya soma yawa. Daga 30 ƙiba ce ta cuta. Baffa yana da kilo 140, tsawonsa mita 1.70. In ka ninka 1.70 sau 1.70 za ka sami 2.89, in ka raba 140 da 2.89 za ka sami 48 da 'yan kai.

Ba kowane mai ƙiba ake yi wa fiɗa ba. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ita ce sai lissafin ya kai 40, ko kuwa 35 in akwai wata cuta kamar ciwon suga. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga da makamancinsa. Kafin a kai ga wuƙa kuwa, akan gwada rage abinci da motsa jiki da magani. Baffa ya gwada shekara biyu, ya sauke kilo goma, suka dawo da 'yan rakiya.

Mene ne aikin?

Wani likitan Amurka mai suna Edward Mason, na Jami'ar Ayowa, shi ne ya soma aikin tumbi don rage ƙiba a 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki ba su cika yin ƙiba ba. A yau iri biyu ne suka fi yawa. A na farko, ana keɓe ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin. A na biyu, wanda aka yi wa Baffa, ana yanke kamar kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin a fitar, a bar ɗan siriri mai kama da ayaba. Sashen da ake cirewa shi ne ya fi samar da wani sinadari mai suna girelin, wanda ke sa mutum jin yunwa. Saboda haka mutum zai ƙoshi da kaɗan, yunwar ma ta ragu. Ba a tsaga ciki gaba ɗaya kamar da. Ƙananan ƙofofi huɗu ko biyar ake yi, a zura kyamara da kayan aiki. Amma a sani, abin da aka yanke ba ya dawowa.

Shiri kafin aiki

Shirin farko na aljihu ne. A wani asibiti a birnin Alƙahira ta Misira aka yi wa Baffa aikin, cikin watan Yuli na 2024. Lokacin kuwa darajar naira ta faɗi, ga shi an rufe iyakar Nijeriya da Nijar a watan Agusta na 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024, ciniki ya tsaya. Sai da ya sayar da gona ɗaya da shanun huɗa biyu. An yi ta gardama a gida, wasu na cewa ina aka taɓa sayar da gona don a yanke tumbi mai lafiya. Mahaifina ne ya ce gona ba ta da amfani ga wanda ke kabari.

Shiri na biyu na jiki ne. An gwada jininsa da zuciyarsa, an leƙa tumbinsa da kyamara, an daidaita sugansa da hawan jininsa. Mai shan taba dole ya bari makonni kafin aiki, domin taba na hana rauni warkewa. Sa'an nan mako biyu kafin ranar aka hana shi tuwo da shinkafa da sukari da mai, sai romo da kindirmo da ganye da ɗan kifi. Dalili shi ne hantar mai ƙiba takan kumbura da kitse ta rufe tumbi. Wannan horo yana sa ta saɓe, likita ya sami wurin aiki.

Shiri na uku na zuciya ne. An gaya masa gaskiya cewa aikin yana da haɗari: jini na iya zuba, ɗinki na iya yoyo, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi huhu. An kuma gaya masa cewa shi da cika ciki sun yi ban kwana har abada.

Jinya bayan aiki

Tun ranar da aka yi aikin suka tashe shi ya taka, don kada jini ya daskare. Da ya dawo Bugaje, na kwafe dokokin a babbar takarda da Hausa na manna a bangon ɗakinsa. Ga su a taƙaice:

1. Mako biyu na farko ruwa-ruwa kawai, watau ruwa, da romon da aka tace, da madara ko tsinkakken nono marar sukari, ana kurɓa kaɗan-kaɗan.
2. Mako biyu na gaba abin da aka dama ya yi laushi kamar na jariri.
3. Daga nan abinci mai taushi, kamar dafaffen ƙwai da kifi da alala. Sai wajen mako na shida ko na takwas ake komawa abinci sosai.
4. A fara cin abin da ke gina jiki, wake ko ƙwai ko kifi ko nama, kafin tuwo. A tauna sosai, a tsaya da zarar an ji ƙoshi.
5. Kada a haɗa ci da sha. A bar kamar minti 30 tsakaninsu. Ban da lemon kwalba da kayan zaƙi.
6. A riƙa shan bitamin kullum, musamman B12 da maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, iyakar rai.
7. In an ji zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko matsanancin ciwon ciki, ko amai ba tsayawa, a tafi asibiti nan take.

Ga mata kuma akwai ƙari: likitoci na ba da shawarar a jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan aikin.

Kuskuren da na yi

Baffa shi ne ɗan farin kakata, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma zama hira da shi. Da abinci kaɗai take nuna masa ƙauna. Ganin ana kai masa romo a kofin shayi ya hana ta barci. Ran nan, a mako na uku, ta kira ni ɗakinta. Ta dama fura mai kauri da sukari, ga kuma 'yar malmalar tuwon gero da miyar kuka.

Ta ce, "Maigida, ungo ka kai wa yaron nan. Kuna so ku kashe shi da yunwa?"

Na ce, "Kaka, takarda ta hana."

Ta ce, "Takardar ce ta haife shi? Da furar nan na yaye shi."

Na san doka, ni na rubuta ta da hannuna, amma na ji nauyin in musa wa tsohuwa. Na ɗauka na kai. Baffa ma da ya ji daga wa abin ya fito, bai iya mayarwa ba. Ya yi loma huɗu, ya kora da fura. Ba a jima ba sai gumi ya karyo masa, ya kama ƙirji yana amai, jiri na ɗibarsa. Muka sa shi a mota sai Katsina. A hanya ina riƙe da kansa, ina tunanin gonar da aka sayar da 'ya'yansa bakwai, ina cewa a raina ni na jawo. Allah ya taƙaita, hoto ya nuna ɗinkin bai buɗe ba. Aka yi masa ƙarin ruwa, ya kwana biyu. Likitan bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi sabon ɗinki bai gama kamawa ba, kuma da ya yi yoyo, da sai an sake aiki, watakila ma a rasa rai.

Da muka dawo, mahaifina ya sa na zauna gaban Kaka na yi mata bayani dalla-dalla, na nuna mata ɗan ludayi na ce iyakar abin da cikinsa ke ɗauka ke nan. Ta yi shiru, ta share hawaye. Tun daga ranar ita ta karɓi aikin tace romo, kuma ita ke korar masu zuwa dubiya da tsire.

Bayan shekara guda

Jinya ba ta ƙare da warkewar rauni ba. Baffa ya sha fama da kasala, fatarsa ta saki, riguna suka yi masa yawa, har wasu suka riƙa raɗa cewa an yi masa sammu ne. A wurin biki ko suna, in aka ajiye tire aka ce bismilla, ya yi loma uku ya tsame hannu, sai mai gida ya ga kamar an raina abincinsa. Dole ya koyi faɗin gaskiya ba kunya. Da azumin 2025 ya gabato, bai yi gaban kansa ba. Ya tambayi likita da malami, ya bi abin da suka ce. Kullum bayan asuba yana zagaya gari a ƙafa, ko da yake ba ya nisa saboda halin tsaro na yankinmu.

Da shekara ta zagayo, sikeli ya nuna kilo 98. Likita ya rage masa maganin suga da na hawan jini, minsharin ya lafa. Amma ranar da ta fi faranta mini rai ita ce Juma'ar da na ga ya ajiye kujera ya kai goshinsa ƙasa tare da jama'a. Duk da haka an gargaɗe shi cewa tumbi yana iya buɗewa, ƙiba ta dawo, in ya koma gidan jiya.

Kammalawa

Abin da na fahimta shi ne aikin likita na yini ɗaya ne, sauran aikin yana hannun mai jinya da masu dafa masa da masu zuwa gaishe shi. Iyayenmu, in likita ya kafa wa wani doka a gida, a taimaka masa ya kiyaye, kada a ce ƙin ci raini ne. 'Yan'uwana ɗalibai, mu da aka sa makaranta, in an ba mu takarda mu karanta, amana ce. A faɗi gaskiya cikin ladabi ko da ga kaka ce. Sa'an nan mu tuna rigakafi ya fi magani. Mutum nawa ne a Bugaje ke da gonar sayarwa? Mu rage lemon kwalba da alewa, mu daina fakewa a ɗakin kwana lokacin wasanni, mu kuma bar yi wa masu jiki dariya, domin ba mu san abin da suke fama da shi ba. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.