Masu Gemu da Masu Lulluɓi: Yadda Suna Ke Riga Mai Shi Isa

A Faransancin jaridu kalmar barbu tana da ma'ana biyu. Ta farko ita ce ta ƙamus: namiji mai gashi a haɓa. Victor Hugo a tsufansa barbu ne, haka ma Karl Marx. Ta biyu ba ta cika fitowa ba sai an mai da kalmar jam'i, an ce les barbus. Da zarar an faɗi haka, mai sauraro ya san ba Hugo ake nufi ba, ba kuma limaman cocin Otodoks ba, duk da tsawon gemunsu. Musulmi ake nufi, kuma Musulmin da ya kamata a ji tsoro. Gemun yana nan yadda yake, abin da aka ɗora masa ne ya sauya. Wannan maƙala za ta bi hanyar da harshe ke bi ya ɗauki wani ɓangare na kama ko na ibada ya mai da shi suna, sannan ya mai da sunan tuhuma.

Masana ilimin ma'ana suna kiran matakin farko metonimi, wato a ambaci abu da sunan wani abin da ke manne da shi, ko a ambaci sashe ana nufin duka. Waɗanda suka yi balaga a zaure sun san shi a babin majazi mursali. George Lakoff da Mark Johnson, a littafinsu na 1980, sun nuna cewa wannan hanya ce ta tunanin yau da kullum, ba adon da mawaƙa kaɗai ke amfani da shi ba. Bahaushe yana yin ta ba tare da ya lura ba. Idan aka ce "rawani ya faɗi" ko "baki goma nake ciyarwa", ba wanda zai nemi ƙarin bayani. Abin lura shi ne ba kowane sashe ake zaɓa ba. Mutum yana da sana'a, yana da gari, yana da dangi, yana da hali. In aka bar duk waɗannan aka kira shi da gemunsa, an riga an yanke cewa gemun ne ya fi komai bayyana ko wane ne shi.

Ƙirar Hausa ta ba mu wurin gwaji mai kyau, domin muna da mai da masu, muna da ɗan, ƴar da ƴan. A tasha, in yaron mota ya ce "mai jar hula, matsa ciki", siffa ce ta wucin gadi, in mutumin ya cire hular sunan ya tafi. To amma a gwada wannan jimla: "Yana da gemu, amma ba ya cikin masu gemu." Yawancin masu jin Hausa a Maraɗi ko Damagaram ba za su ga tufka da warwara a cikinta ba, za su gane abin da ake nufi. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa "masu gemu" ya daina zama bayanin fuska, ya daskare ya zama sunan rukuni. Haka kuma kalmar ustazu, wadda a Larabci girmamawa ce ga malami. A bakin samari ta samu ɗafa-ƙeyar -anci ta koma ustazanci, kuma sau da yawa abin da ake nufi da ita shiga ce da tafiya da salon magana, wani lokaci ma har da zargin riya. Wanda bai taɓa buɗe Ahalari ba yana iya zama ustazu a unguwa saboda tsawon wandonsa.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi ɓarna, kuma a ginin jimla yake. Akwai irin jimlar da ake kira ta gama-gari, wadda ba ta ɗauke da "duk" ko "wasu" ko "yawanci". Misali: "Sauro yana sa masassara." Kowa zai ce gaskiya ne, alhali macen nau'i ɗaya ce ke ɗauke da cutar, ita ma sai in ta riga ta sha jinin mai ita. Masaniyar falsafar harshe Sarah-Jane Leslie ta yi nazarin irin waɗannan jimloli, ta nuna cewa idan siffar da ake magana a kanta mai ban tsoro ce, mutane suna amincewa da jimlar ko da ƴan kaɗan ne ƙwarai ke da siffar. A maƙalarta ta 2017 ta danganta wannan da irin maganganun da ake yi a kan Musulmi bayan harin 11 ga Satumba 2001. Sharrin jimlar gama-gari shi ne misali ba ya karya ta. Ka ce wa mutum maƙwabcinka mai gemu likita ne mai kirki, sai ya ce "ai ban ce duka ba", ya ci gaba da riƙe jimlarsa. Mu a Hausa muna da sunan wannan aiki tun tuni: kuɗin goro. Bambancin kawai shi ne mai sayar da goro ya san kuɗin goro yake yi.

Misalan da suka fi fitowa sarari daga Faransa suke, kuma sun shafe mu, tunda harshen da muke karatu da shi ke nan, kuma da yawa cikinmu can suke fatan ƙaro ilimi. A 1989 aka kori ɗalibai mata uku daga wata makaranta a garin Creil saboda sun ƙi cire ɗankwali. Jaridu suka kira abin foulard, wasu kuma suka kira shi tchador, kalmar Farisanci da ke tuna wa mai karatu juyin juya halin Iran na 1979, ko da yake yaran ba su da wata alaƙa da Iran. Daga baya voile ta mamaye fagen, kalma ɗaya ta haɗiye abin da mu muke rarrabewa da ɗankwali, gyale, mayafi, hijabi da niƙabi. Dokar 15 ga Maris 2004 ta hana sanya alamun addini masu fitowa fili a makarantun gwamnati. Da aka zo muhawarar da ta haifi dokar 2010 ta hana rufe fuska, sai aka riƙa cewa burqa, tufar Afganistan, alhali ƙiyasin hukuma kanta ya nuna matan da ke rufe fuska a ƙasar ba su wuce kimanin 2000 ba, kuma niƙabi suke sawa. A 2023 aka hana abaya a makarantu, sai tambaya ta taso wadda ɗalibin ilimin ma'ana zai so: da me ake gane abaya daga doguwar riga? Yadin ɗaya ne, ɗinkin ma kusan ɗaya. Abin da ya rage wa mai tsaron ƙofa shi ne ya dubi fuskar yarinyar ko ya tuna sunanta.

A watan Oktoba na 2019, bayan wani ma'aikaci ya kashe abokan aikinsa huɗu a hedikwatar ƴan sandan Paris, ministan cikin gida na lokacin, Christophe Castaner, ya lissafa wa ƴan majalisa alamun da ya ce suna iya nuna mutum ya fara tsattsauran ra'ayi. A cikinsu akwai barin gemu, da tsananta ibada a watan azumi, da tabon goshi. Kwanaki kaɗan bayan haka jami'ar Cergy-Pontoise ta aika wa ma'aikatanta takardar cikewa mai irin wannan jeri, har da gemu babu gashin baki da wandon da bai kai idon sawu ba. Da aka yi ca a kanta sai ta janye takardar ta nemi gafara. A ɗauki wannan jeri a shiga da shi masallacin Juma'a na kowane gari a ƙasar nan, a ga mutum nawa za su tsira. Tabon salla da tsofaffinmu ke ɗauka alamar albarka shi ne aka sa a takarda a matsayin alamar haɗari.

Kuskuren da ke cikin wannan jeri kuskure ne na ilimin alama. Charles Sanders Peirce ya bambanta alamar da ke haɗe da abin da take nunawa haɗin sababi, kamar hayaƙi da wuta, da alamar da jama'a suka yi ittifaƙi a kanta kawai, kamar kalma. Mai kyamar Musulmi yana karanta gemu kamar hayaƙi, alhali gemu irin kalma ne: ma'anarsa tana bin wuri da zamani. Tarihinmu ya ba da shaida. A shekarun 1950 da 1960, a arewacin Najeriya, wanda ya yi ƙabalu a salla, wato ya ɗora hannuwa a ƙirji, ana ɗaukarsa almajirin Shehu Ibrahim Inyas ne, ɗan Tijjaniyya, sauran jama'a kuwa suna sadalu. Bayan an kafa Izala a Jos a 1978, ta kuma ƙetaro zuwa Maraɗi da sauran garuruwanmu, sai ƙabalun nan ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake gane ɗan Izala da su, wato babban mai sukar ɗarika. Hannu ɗaya, ƙirji ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna.

Wanda ya karanta alama ba daidai ba yakan kai ga wanda ma ba shi ake nema ba. Ranar 15 ga Satumba 2001, a garin Mesa na jihar Arizona, wani ya harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa. Mutumin mabiyin addinin Sikh ne daga Indiya, rawaninsa da gemunsa ne suka jawo masa. Kama da wane ba ta wane, amma bindiga ba ta jira a yi mata wannan bayani ba. Suna ma yana yin aikin da rawani ya yi. A wani bincike da Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort suka wallafa a 2010, an aika wa kamfanonin Faransa takardun neman aiki masu daraja ɗaya, wasu da sunan Marie Diouf, wasu da sunan Khadija Diouf, sunaye biyu na ƙage masu asalin Senegal. An kira Marie ganawa fiye da Khadija har ninki biyu da rabi. 

Kalmomin ibada ma ba su tsira ba. Bahaushe yana cewa "Allahu akbar" in ya ji labarin rasuwa, ko ya ga jariri kyakkyawa, ko tausayi ya kama shi. A jaridun Turai kuwa da wuya ka gamu da kabbara sai a labarin hari, har ta zama wanda ya furta ta a filin jirgi yana iya tara wa kansa jama'a. Madrasa a Larabci makaranta ce kawai, kuma madarasar Say da aka buɗe a 1957 ta yaye ma'aikatan gwamnati, amma a Ingilishin bayan 2001 kalmar tana wari. Ita kuwa islamisme, a ƙarni na 19 Musulunci kawai take nufi, da wannan ma'anar Ernest Renan ya sa ta a kan laccarsa ta 1883. Yau tsakanin islamique da islamiste ƴan haruffan ƙarshe ne, kuma kunnen da bai saba ba yana haɗiye bambancin.

Za a iya cewa mu da kusan dukanmu Musulmi ne wannan ba matsalarmu ba ce. Shekarar 2015 ta nuna akasin haka. Bayan hare-haren ƙunar baƙin wake na 15 ga Yuni a Njamena, Cadi ta hana rufe fuska. A watan Yuli jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ta bi sahu, haka ma jihar Difa a nan gida. Adalci ya sa a faɗi cewa tsoron yana da tushe: a wannan watan na Yuli wani namiji ya yi shigar mata ya rufe fuska ya tayar da bam a babbar kasuwar Njamena. Hukuma tana da hujjar son ganin fuskar mai shiga kasuwa. Abin da ba shi da hujja shi ne abin da harshe ya yi bayan nan, lokacin da "ɗan Boko Haram" ya zama abin tsokanar duk saurayi mai ɗangalallen wando, mai niƙabi kuma ta zama abar nunawa da baki a motar haya. Dokar tana da iyakar wuri da lokaci. Laƙabin ba shi da ko ɗaya, kuma mutanen gabas, waɗanda su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗar ƙungiyar, su suka fi shan sa.

Kibiyar kuma tana juyowa. A harabar jami'a ɗaya, ɗalibar da ta yafa gyale maimakon hijabi tana iya zama "ƴar boko" ko "wayayyiya" da irin muryar da ke mai da yabo zagi, wanda ya aske fuskarsa kuma a yi shakkar ba shi limanci ko da ya fi kowa karatu. Kalmar almajiri, wadda ta fito daga Larabcin mai hijira don neman ilimi, ta gangaro har ta zama sunan duk yaro mai tsumma da kwano. Hanyar ɗaya ce da ta les barbus: sashe ya zama suna, suna ya zama hukunci.

Ga masu neman batun lisansi ko masta a walwalar harshe, wannan fage ne da ke buƙatar bayanai na ainihi. A ɗauki laƙabi biyar ko shida: ustazu, mai gemu, ɗan Izala, ɗan ɗarika, ƴar boko, almajiri. A tattara jimlolin da suka fito a cikinsu a fada, a tasha, a shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyo. Ga kowace jimla a rubuta wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, ko wanda ake nufi yana wurin, da kuma aikatau ko sifar da ta biyo bayan laƙabin, domin a nan ne ma'anar ɓoye ke fitowa. A kula da abu ɗaya wajen tambaya: in ka ce wa mutum "me ustazu ke nufi?" ma'anar ƙamus zai ba ka, don ya san kai ɗalibi ne. Gara a ba shi jimla kamar "ustazu ne, amma..." a bar shi ya ƙarasa.