Ɗaukar Nauyin Ɗalibin Kwalejin Ilimi Har Ya Gama: Shawarwari Goma Ga Iyaye

Dattawanmu da suka yi kwalejin horon malamai a zamanin Grade II, musamman bayan ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, kan ba da labarin yadda gwamnati take ciyar da su, ta ba su makwanci da littattafai, har da ɗan kuɗin kashewa. Aikin uba a lokacin shi ne ya sa wa yaro albarka ya raka shi tasha. Yau kuwa nauyin ya dawo wuyan gida. Takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da ƙasa ta amince a shiga aji da ita, tana cin shekara uku, kuma kowace shekara da irin tata ɗawainiyar. Na sha ganin gidan da ya sayar da akuya ya biya kuɗin rajistar farko cikin murna, amma kafin a kai shekara ta uku ƙarfi ya ƙare, yaro ya dawo gida babu takarda. Ga wasu shawarwari da za su taimaka a kai ɗalibi har gaci.

1. A yi lissafin shekara ukun tun ranar farko

Tun ran gini, ran zane. Ranar da takardar shiga makaranta ta iso, a zauna da ɗalibin da biro da takarda. A rubuta kuɗin karɓar gurbi, kuɗin rajista, kuɗin sashe, ɗakin kwana ko hayar ɗaki a gari, abinci, kuɗin mota, littattafai da kwafin darussa, da datar waya. A shekara ta uku a ƙara koyarwar gwaji da rubutun binciken kammalawa, wanda sai an buga shi an ɗaure. Waɗanda ke karanta kimiyya, aikin gona, sana'o'in fasaha ko tattalin gida suna da ƙarin kayan aikin hannu da za su saya. Kada a yi wannan lissafi da ka. A samo ɗalibin da ke aji uku a makarantar a tambaye shi abin da ya kashe bara, domin da ɗan gari akan ci gari. Da yawa za su tarar cewa abinci da mota a shekara sun fi kuɗin rajistar kansa yawa. In an gama, a ɗora wani abu a kai saboda tashin farashi.

2. A zaɓi makarantar da aljihu zai iya

Arewa tana da kwalejojin ilimi na tarayya irin su na Katsina, Bichi, Gombe, Potiskum da Yola, da ta Gusau wadda ta mata ce zalla. Akwai kuma na jihohi, kamar ta Isa Kaita a Dutsin-ma, ta Shehu Shagari a Sakkwato, ta Aminu Saleh a Azare, ta Adamu Augie a Argungu, da ta Gumel a Jigawa. A makarantun jiha, ɗan jiha yakan biya ƙasa da baƙo, kuma kuɗin yana canzawa da canjin gwamnati: a 2023 gwamnatocin Kano da Kaduna sun rage kuɗin makarantunsu na gaba da sakandare. Saboda haka a nemi jadawalin kuɗi na bana daga ofishin makarantar.

Nisa ma kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa da dawowa ya zama babban kaso na ɗawainiya. Makarantar da yaro zai je ya dawo gida kullum, ko wadda ke garin da kawunsa ko gwaggonsa suke, takan fi sauƙi ko da kuɗin rajistarta ya ɗan fi. Wanda ke da iyali ko aikin da ba zai iya bari ba, ya duba Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI da ke Kaduna, wadda ke ba da NCE ta karatun ƙarshen mako a cibiyoyinta da ke jihohi. Kowace makaranta aka zaɓa, a tabbatar hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta amince da ita da kuma kwas ɗin, sannan shigar ɗalibin ta bi ta JAMB. Babu asarar da ta kai a biya kuɗin shekara uku a karɓi takardar da ba a ɗaukar aiki da ita.

3. A gyara takardu kafin a buƙace su

Duk wani tallafi da za a nema, takardu ne ƙofarsa: lambar NIN, lambar BVN, asusun banki da sunan ɗalibin kansa, lambar JAMB, takardar shiga makaranta, takardar haihuwa, da shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Abin da ke yawan kawo cikas shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa, a ga Muhammad a nan, Mohammed a can, ko an sa sunan gari a wata takarda an bar shi a wata. A daidaita su tun yanzu, don gyara yana ɗaukar makonni, ranar rufe neman tallafi kuma ba ta jiran kowa.

4. A fahimci bashin NELFUND da kyau

A watan Afrilun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar ba ɗalibai rance, aka kuma buɗe shafin nema a watan Mayu. Asusun ba da rancen, wato NELFUND, ya shafi ɗaliban makarantun gwamnati na gaba da sakandare, na tarayya da na jihohi, har da kwalejojin ilimi. Rancen kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye zuwa asusun makarantar, kuɗin kashewa kuma, wanda aka fara da naira 20,000 a wata, yana shiga asusun ɗalibin. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya kwantar da hankalin gidaje da yawa masu gudun riba. Ba a biyan ko kwabo wajen nema, kuma ɗalibi zai iya cikawa da wayarsa. Sai dai dole makaranta ta riga ta tura bayanansa zuwa ga asusun, don haka in shafin ya ce bai san shi ba, ofishin makarantar zai nufa. Ana sabunta nema kowace shekarar karatu.

Abu uku ya kamata gida ya riƙe. Na farko, rance ne. Tsarin ya tanadi a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi idan lokacin biya ya yi, saboda haka ɗalibi ya karanta sharuɗɗan tare da wani babba kafin ya amince. Na biyu, kuɗin yakan makara, makaranta kuma tana da ranar rufe rajista. In gida ya riga ya biya sannan rancen ya iso, a kai rasit ofishin kuɗi na makarantar a nemi a mayar. Na uku, kuɗin wata-wata na abinci ne da mota. A gaya wa yaro a fili cewa amana ce, abin da ya biya gobe shi za a ranta wa ƙannensa.

5. A ƙwanƙwasa ƙofofin kyauta kafin na bashi

Jihohi suna da hukumar ba da tallafin karatu, gwamnatin tarayya ma tana da tata, kuma sukan fitar da sanarwa lokaci-lokaci. Wasu ƙananan hukumomi, 'yan majalisa da ƙungiyoyin ci gaban gari sukan biya wa ɗalibai kuɗin rajista. A jihohi irin su Sakkwato, Kano da Zamfara akwai hukumomin zakka da waƙafi, inda maraya ko ɗan gidan da ba shi da hali zai iya kai kokensa. Ƙungiyar ɗaliban jiha ko ta ƙaramar hukuma da ke cikin makaranta ita ke fara jin labarin irin waɗannan, don haka ɗalibi ya yi rajista da ita. Wanda kuma tuni yake koyarwa a firamare, ya nemi izinin ƙaro karatu a rubuce daga ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa, don albashinsa ya ci gaba da tafiya. Neman taimako domin ilimi ba abin kunya ba ne.

6. Kada a sa alƙawari a cikin lissafi

A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, 2021, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa za a riƙa ba ɗaliban NCE naira 50,000 kowane zango, masu digirin koyarwa kuma naira 75,000. Magana ce mai daɗin ji, kuma iyaye da ɗalibai suna da haƙƙin su riƙa tambayar inda ta kwana. Amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ko alƙawarin gwamnati ne, ko na ɗan siyasa, ko na wani attajiri a dangi, kada a rubuta shi a shafin kuɗin shiga sai ranar da ya faɗo a asusu. In ya zo, sai a zuba shi a tanadin shekara mai zuwa.

7. A ware asusun koyarwar gwaji tun daga aji ɗaya

Nan ne gidaje da yawa suke tuntuɓe. A shekara ta uku ana tura ɗalibi wata makarantar firamare ko ƙaramar sakandare ya koyar na tsawon zango guda, malamansa suna zuwa duba shi suna ba shi maki. Wannan shi ne TP da ake ji a bakin ɗalibai, kuma ba a samun NCE sai an ci shi. Ba albashi ake biya ba, amma kullum sai ya fita da sassafe. Yana buƙatar kuɗin mota na kwana biyar a mako, sutura mai tsafta kala biyu ko uku, takalmi, littafin tsara darasi, da kwali da alƙaluman zane na haɗa kayan koyarwa. Kuma hidimar takan faɗo kusa da kuɗin rajistar shekarar da na rubutun bincike, sai nauyi uku su haɗu a wata ɗaya.

Maganin shi ne a fara da wuri. A saya wa ɗalibin 'yar tunkiya ko akuya tun yana aji ɗaya, a ce wannan ta TP ce, ba a taɓa ta don biki ko suna. Idan lokacin rabon makarantu ya zo, ya roƙi a tura shi kusa da gida. Kayan koyarwa kuwa, a haɗa su da abin da ke tsakar gida: murafun kwalba da 'ya'yan dabino don ƙirga, kara da yumɓu don siffofi. Malamin da ya iya wannan tun yana ɗalibi ba zai rasa abin koyarwa ba a duk ƙauyen da aka kai shi.

8. A daidaita biya da lokacin samun gida, a kuma raba nauyi

Manomi ya ware buhun makaranta tun a kaka, ya adana shi da kyau, don kada ranar rajista ta tilasta masa sayarwa a lokacin da hatsi ya faɗi. Uwa mai adashi ta roƙi uwar adashi a sa kwasarta a watan komawa makaranta. Ma'aikaci ya shiga ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka a kira yayye da kawunnai a raba aiki a fili: wane ya ɗauki ɗakin kwana, wance ta ɗauki sabulu da man shafawa, wane kuɗin mota. A guji masu ba da bashi ta manhajar waya, domin ruwansu yana ninkawa cikin makonni, in an makara kuma su bi lambobin dangi da cin mutunci.

9. A biya ta hanyar hukuma, a adana rasit

Makarantun tarayya suna karɓar kuɗi ta Remita, inda ake fitar da lambar RRR a biya a banki ko ta waya. Na jihohi ma kowace tana da hanyarta da take sanarwa. Duk wanda ya ce a tura kuɗin makaranta asusunsa na kansa, ko ya nemi a ba shi wani abu don ya samo gurbi ko ya gaggauta rance, a rabu da shi. Kada ɗalibi ya bar lambar sirrinsa a shagon intanet. Kowane rasit a yi masa kwafi, a ɗauki hotonsa a waya, a ajiye na asali a gida, saboda ranar karɓar sakamako za a nemi har na aji ɗaya.

10. A tsare cikin ɗalibi, a tsare karatunsa, a tanadi kuɗin fita

Garin masara, wake, gero, manja, kuka da daddawa daga gida sun fi a ba yaro kuɗi ya saya da kwano a bakin makaranta. Ɗalibai biyu ko uku su haɗa tukunya. Wanda ke da sana'a, ɗinki ko aski ko kitso ko koyar da yara darasi da yamma, ya ci gaba da ita daidai yadda ba za ta hana shi shiga aji ba, domin kwas ɗin da aka faɗi kan jawo ƙarin shekara da sabon kuɗin rajista. Idan ɗalibar matar aure ce ko mai goyo, a yi magana da mijinta tun farko a kan wanda zai biya me, a kuma samo mai riƙe mata jariri a lokacin darasi da lokacin TP. Bayan jarrabawar ƙarshe akwai sauran kuɗin karɓar sakamako da na rajista da TRCN, hukumar da ke yi wa malamai jarrabawa ta ba su lasisin koyarwa. A bar wani abu a gefe saboda su.

Iyaye su riƙa tambayar sakamakon kowane zango kamar yadda suke tambayar kuɗin da aka kashe. Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano duk da alli suka fara, kuma wasu ne suka ɗauki nauyin horar da su. A yau wannan nauyi yana kan buhun geron uba da adashin uwa. Gidan da ya daure har ɗansa ya karɓi takarda ya samar wa firamaren garinsa malami, kuma cikin yaran da zai koya wa karatu har da jikokin gidan. Allah Ya sa albarka a abin da aka kashe, Ya kuma ba ɗalibanmu ikon gamawa lafiya.